Wa ke duba mudun masu bincike? Fashin baƙi kan sana'ar auna abin da ido ba ya gani

Duk matar da ta saba cefane ta san jin farashin gero kaɗai ba ya wadatarwa. Kafin ta ce a auna, sai ta karɓi mudun ta juya shi, ta shafa gindinsa ko an doke shi ya lotsa, ta duba bakinsa ko an rage. In aka fara awo kuma, idonta na kan hannun mai hatsi, ta ga zai bari ya yi tozo ne ko zai shafe. Tun muna makarantar allo muka haddace surar da ta yi wa masu tauye mudu kashedi, don haka wannan ba baƙon abu ba ne a wurin kowa.

To amma da yamma rediyo zai ce wani bincike ya gano kashi kaza cikin ɗari na jama'a sun gamsu da gwamnati, ko kashi kaza na masu jego suna fama da ciwon damuwa, ko a fitar da sakamakon jarrabawa a ce maki biyu ne suka hana yaro karatun likita, sai mu karɓa hannu bibbiyu. Wasu su yi murna, wasu su yi ta faɗa, amma da wuya ka ji wanda ya ce a miƙo masa mudun ya juya. Gamsuwa da damuwa da basira kuwa ba a ɗora su a sikeli. Da tambaya ake auna su. Tambayar ita ce mudun, kuma ita ma tana lotsawa.

Akwai malaman jami'a da duk rayuwarsu aikinsu ke nan: ƙera wannan mudu da duba shi. Fannin yana da rassa biyu da suke gida ɗaya. Na farko shi ne wanda Turawa ke kira saikometiriks, wato ilimin auna basira da hali da ra'ayi ta hanyar lissafi, kuma shi ne ƙashin bayan duk wata babbar jarrabawa. Na biyu shi ne ilimin tsara binciken jin ta bakin jama'a: wa za a tambaya, da wane lafazi, wace tambaya za ta riga wace, wane ne zai yi tambayar. Ina so in bi sawun wannan sana'a daga inda ta girma, wato jami'o'in Amurka da Turai, don ina ganin muna cin 'ya'yan itacenta kullum ba tare da mun san yadda ake dasa ta ba.

Duk ɗalibin da ya taɓa rubuta kundin kammala digiri a fannin ilimi ko zamantakewa ya san sunan Likert, ko da bai san mutum ne ba. Ɗalibanmu kan ce Laikat, shi kuwa mai sunan Likat yake kiran kansa. An haifi Rensis Likert a 1903 a jihar Wyoming. Injiniyanci ya fara karantawa a Jami'ar Michigan, har ya je koyon aiki a kamfanin jirgin ƙasa na Union Pacific, inda babban yajin aikin 1922 ya ritsa da shi. Abin da ya gani na rashin fahimtar juna tsakanin ma'aikata da shugabanninsu ya juya masa tunani, ya koma nazarin zamantakewa da tattalin arziki, daga nan ya wuce Jami'ar Columbia ya yi digirin digirgir a ilimin halayyar ɗan Adam, ya gama a 1932.

Don a gane abin da ya kawo, sai an san abin da ya tarar. Jagoran fannin a lokacin shi ne Louis Thurstone na Jami'ar Chicago, wanda shi ma injiniya ne tun asali, har ya taɓa yi wa Thomas Edison aiki. A 1928 Thurstone ya fito ya ce ra'ayin mutum abu ne da za a iya aunawa, ya kuma nuna hanya. Da zai auna ra'ayin mutane game da coci, ya tara maganganu 130, daga na masu yabo har na masu suka, ya ba mutum 300 ya ce kowa ya jera su kashi 11 gwargwadon zafinsu. Ba ra'ayinsu ya tambaya ba, alƙalai ya mai da su: wannan maganar ta fi waccan kaushi ko kuwa? Daga hukuncinsu ya ba kowace magana matsayinta a kan ma'auni, kamar yadda ake zana layukan inci a jikin awon tela. Sai bayan nan ne ake kai ma'aunin wurin jama'a. Aiki ne mai kyau, amma yana cin rai. Kafin ka tambayi mutum guda, ka riga ka gajiyar da ɗari uku.

Likert ya ce a sallami alƙalan. A karanta wa mutum magana, ya zaɓi ɗaya daga amsa biyar, daga cikakkiyar yarda zuwa cikakkiyar ƙi, a ba su maki 1 zuwa 5, a tara makin maganganu da yawa. Bai tsaya ga cewa hakan ya fi sauƙi ba. Ya gwada wannan lissafi mai sauƙi da mai wuyar, ya nuna sakamakonsu kusan ɗaya ne. Wannan gwajin shi ne ainihin gudummawarsa, kuma shi ne abin da masu ara sunansa suka fi mantawa. A wurinsa ma'auni tarin maganganu ne da aka tace, aka zubar da waɗanda ba sa tafiya da 'yan uwansu. Tambaya guda mai amsa biyar ba ta kai a kira ta ma'auni ba.

Rayuwar aikinsa ta nuna yadda wannan sana'a take tun farko, ƙafa ɗaya a jami'a, ɗaya a waje. Ya koyar a Jami'ar New York, ya koma wata cibiyar bincike ta kamfanonin inshorar rai, sannan a 1939 ma'aikatar gona ta Amurka ta ɗauke shi ya shugabanci sashen jin ta bakin manoma. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu shi ya jagoranci masu binciken yadda ruwan bama-bamai ya shafi ƙarfin zuciyar Jamusawa da Japanawa. A 1946 ya kwaso abokan aikinsa, irin su Angus Campbell da George Katona da Leslie Kish, suka kafa cibiyar bincike a Jami'ar Michigan. Jami'ar ta ba su inuwa, amma abincinsu daga kwangilar bincike suke nemo shi. Cibiyar ta zama Institute for Social Research a 1949, ya riƙe ta har 1970, kuma har gobe tana cikin manyan wuraren da ake koyon wannan aiki a duniya.

Me ya sa gwamnati da jami'a suka yarda su ciyar da mutanen da aikinsu tambaya game da tambaya ne? Saboda an sha kunya a bainar jama'a. A zaɓen shugaban Amurka na 1936, mujallar Literary Digest ta aika takardun jin ra'ayi miliyan 10, sama da miliyan 2 suka dawo, ta ce Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt. Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Mujallar ta ɗebo sunaye ne daga littafin masu tarho da rajistar masu mota da masu sayen ta, a zamanin da talaka ba shi da ko ɗaya, kuma cikin waɗanda aka aika wa ma, masu jin haushin Roosevelt suka fi zumuɗin mayar da amsa. George Gallup, wani mai binciken jin ra'ayin jama'a, da mutanen da ba su kai ko kusa da wannan yawa ba, ya faɗi wanda zai ci daidai. Mai miya ba ta shanye tukunya don ta ji gishiri, cokali guda ya isa, muddin ta juya miyar tukuna. Sai dai shi ma Gallup bai gama juyawa ba: a zaɓen 1948 ya ce Thomas Dewey zai ci, Harry Truman ya ci. Mutanen Michigan kuwa, da ɗan samfurin da bai kai mutum dubu ba amma wanda aka zaɓo ta hanyar ƙuri'a tsantsa, sun ga Truman a gaba. Kish ne ya tsara jadawalin da ke hana mai tambaya ya zaɓi wanda ya fi sauƙin samu a gida. Jadawalin ne zai ce masa ga wanda za ka tambaya, ko da sai ka dawo gobe.

Wannan ɓangaren zaɓen mutane ke nan. Ɓangaren da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na lafazi, don nan ne mudu ke lotsawa ba tare da kowa ya gani ba.

A 1941 Donald Rugg ya wallafa wani gwaji. An raba masu amsa gida biyu. Aka tambayi kashi ɗaya ko ya kamata Amurka ta bari a riƙa jawabin sukar dimokuraɗiyya a bainar jama'a, 62 cikin ɗari suka ce kada a bari. Aka tambayi ɗaya kashin ko ya kamata Amurka ta hana irin wannan jawabi, 46 cikin ɗari kaɗai suka ce a hana. A hankalce ƙin bari da hanawa abu guda ne. A kunnen mutum kuwa "hanawa" tana da sanda a hannu. Howard Schuman da Stanley Presser sun maimaita gwajin bayan shekaru fiye da talatin, tazarar tana nan.

A Jamus kuma, Norbert Schwarz da abokansa sun tambayi mutane awa nawa suke kallon talabijin a rana. Wasu aka ba su jerin amsa da ya fara daga rabin awa ya ƙare a "fiye da awa biyu da rabi". Wasu aka ba su jerin da ya fara daga awa biyu da rabi ya hau sama. A kashin farko kimanin 16 cikin ɗari ne suka ce suna wuce awa biyu da rabi, a na biyu sama da 37. Ba ƙarya suka yi ba. Babu mai riƙe da agogo yana kallon talabijin, don haka mutum kan leƙa jerin amsar, ya ɗauka abin da ke tsakiya shi ne na kowa da kowa, sai ya ajiye kansa kusa da nan. Takardar tambaya tana yi wa mai amsa raɗa. George Bishop na Jami'ar Cincinnati ma ya taɓa tambayar mutane ra'ayinsu kan wata dokar 1975 da ba a taɓa yin ta ba, kusan kashi ɗaya cikin uku suka ba da ra'ayi. Mutum ba ya son baƙo ya tafi da cewa bai sani ba.

Irin waɗannan gwaje-gwaje su ne abincin malamin wannan fanni. Ya raba mutane gida biyu ta ƙuri'a, ya canza kalma guda, ya ga abin da ya motsa. Shekara talatin yana haka, har ya tara abin da za a kira sani.

Yanzu bari in zo kan abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Na zauna a ɗakin kare kundi ba sau ɗaya ba, kuma abin da ke faruwa kusan iri ɗaya ne. Ɗalibi ya tsaya da babbar riga, hannunsa na rawa, an zo babi na uku. Wani malami ya ɗaga kai ya ce, "Malam, ma'auninka ingantacce ne?" Ɗalibi ya ce, "Ranka ya daɗe, alfa ta kai 0.82." Malami ya gyaɗa kai, a wuce babi na huɗu. Wata rana na karɓi takardar tambayoyin wani ɗalibi na duba. An aro ta daga wani bincike na ƙasar waje, an kai ta ƙauye da Turanci, kowane mai tambaya yana fassarawa a tsaye yadda ta zo masa. Mutum biyar suka yi aikin, wato takarda biyar aka yi amfani da su ke nan, aka haɗa amsoshin a buhu ɗaya. Ban ga laifin yaron ba. Abin da aka koya masa ya yi.

Alfar nan ta Lee Cronbach ce, ya wallafa ta a 1951. Abin da take faɗa ɗan kaɗan ne: shin tambayoyin nan suna tafiya tare, wanda ya yi sama a wannan yana yin sama a waccan? Ba ta cewa abin da kake nufin aunawa shi ka auna. Ka rubuta tambaya guda ka sake mata riga sau ashirin, alfa za ta haura sama, domin tana ƙaruwa da yawan tambayoyi da kamanninsu. Lotsattsen mudu ma ai kullum abu ɗaya yake ba ka, bai taɓa saɓa wa kansa ba. Shi 0.7 da ake rantsuwa da shi a matsayin mafi ƙarancin alfar da za a karɓa, daga littafin Jum Nunnally na 1978 aka ɗauko, shi kuwa ya faɗe shi ne don bincike mai matakin farko, ya ce in za a yanke wa mutum hukunci da makin, sai an haura 0.9. Cronbach da kansa, a rubutun da aka fitar a 2004 bayan rasuwarsa, ya ce ya daina ganin alfa a matsayin hanyar da ta fi dacewa a duba yawancin bayanai. Mai abu ya sassauta, 'yan aro sun riƙe gam. Tambaya mai wuya ita ce wadda shi da Paul Meehl suka ɗora a 1955: mece ce hujjarka cewa wannan makin yana nufin abin da ka ce yana nufi? Wannan ba lamba guda ke amsa ta ba. Sai ka nuna makin yana tafiya da abin da ya kamata ya tafi da shi, yana rabuwa da abin da ya kamata ya rabu da shi, kuma masu amsa sun fahimci tambayar yadda ka nufa.

A ɓangaren jarrabawa, babban sauyi ya zo ne daga wani masanin lissafi ɗan Denmak, Georg Rasch, wanda aka kawo wa matsalar gwajin karatun yara, ya fitar da littafinsa a 1960, da kuma Frederic Lord a Amurka. Tunanin yana da sauƙin kamawa in ka taɓa tsayawa inda 'yan dako ke lodi. Kowane ɗan dako da ƙarfinsa, kowane buhu da nauyinsa. Ko zai ɗaga ko ba zai ɗaga ba, ya danganta da tazarar da ke tsakanin biyun. In ƙarfi da nauyi suka zo daidai, to rabi da rabi ne. Haka Rasch ya ɗora ɗalibi da tambaya a kan ma'auni guda: iyawar ɗalibi a gefe, wuyar tambaya a gefe. Amfanin wannan shi ne, in ka san nauyin buhunanka, kana iya gwada mutum biyu da buhu daban-daban ka san wanda ya fi ƙarfi. A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Tun da JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, ɗalibai na zama a ranaku daban-daban, ba kuma tambayoyi iri ɗaya kowa ke gani ba. Duk hukumar da ke jarrabawa haka, a ko'ina take a duniya, tana fuskantar tambaya guda: maki 250 na ranar Litinin daidai yake da 250 na ranar Alhamis? Masanin awo ne kaɗai zai iya amsa wannan da hujja, kuma makomar 'ya'yan mutane na rataye da amsarsa.

Fannin yana da tabonsa, kuma bai kamata a ɓoye wa mai shigowa ba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya an yi wa sojojin Amurka kimanin miliyan 1.75 gwajin basira. Carl Brigham na Jami'ar Princeton ya ɗauki sakamakon a 1923 ya ce ya nuna wasu jinsunan mutane sun fi wasu ƙwaƙwalwa, alhali tambayoyin cike suke da abubuwan da sai wanda ya tashi cikin Turanci da al'adar Amurka zai sani. A 1930 ya fito ya janye maganarsa, ya ce ba ta da tushe, amma ta riga ta yi yawo. Daga irin wannan ɓarna aka koyi duba kowace tambaya ɗaya bayan ɗaya: in aka ɗauki yara masu iyawa ɗaya daga gida biyu daban, wannan tambayar tana fifita wani? In tana yi, a cire ta. Ka tuna yaron ƙauye da aka ba lissafi a kan hawa bene da na'ura, ka ga lissafinsa aka auna ko yawonsa.

To yaya ake shiga sana'ar? Ƙofofinta da yawa. Wasu daga ilimin halayyar ɗan Adam suke zuwa, wasu daga ƙididdiga, wasu daga fannin ilimi ko zamantakewa ko lafiyar al'umma. Kowa ya zo da gurguwar ƙafa guda: mai lissafi bai san mutane ba, mai sanin mutane yana tsoron lissafi, kuma shekarun digiri na uku, biyar ko shida a Amurka, na gyaran wannan ƙafa ne. Dole a iya ƙididdiga sosai, a iya sarrafa bayanai da manhaja irin R, a kuma fita fili a ga yadda tambaya ke mutuwa a bakin ƙofa. Akwai wuraren da suka yi suna: Michigan, da shirin haɗin gwiwa da aka buɗe a Jami'ar Maryland a 1993, da ɗakin binciken da Thurstone ya kafa a North Carolina, da jami'o'in Holan da cibiyar jarrabawarsu ta Cito, da cibiyar binciken zamantakewa ta GESIS a Mannheim ta Jamus. Ƙungiyar masana fannin an kafa ta a 1935, mujallarta Psychometrika ta fara fita a 1936, ta masu binciken jin ra'ayi, Public Opinion Quarterly, kuma a 1937. Wanda ya sami koyarwa a jami'ar Amurka yana da kamar shekara shida ya nuna kansa da rubuce-rubuce da tallafin bincike kafin a tabbatar masa da kujera.

Akwai wani rami a hanyar da nake so matashi ya sani. Masanin awo kowa na son sa. Likita zai zo, masanin siyasa zai zo, mai binciken noma zai zo, kowa da bayanansa yana neman a duba masa. In bai yi hankali ba, sai ya wayi gari sunansa na huɗu a takarda arba'in, babu guda da za a ce tasa ce, ranar ƙarin girma kuma a tambaye shi ina gonarsa. Waɗanda suka yi nisa su ne suka riƙe tambaya guda tasu ta kansu, suna taimakon wasu a gefe. Sannan ga jan da ake yi masa daga waje: kamfanonin jarrabawa, hukumomin ƙididdiga, kamfanonin fasaha, duk suna biyan abin da jami'a ba ta iyawa. Fita ba faɗuwa ba ce a wannan fanni. Lord a hukumar jarrabawa ta ETS ya yi kusan duk aikinsa, kuma littattafansa ake koyarwa a jami'a. Robert Groves ya tashi daga farfesa a Michigan ya shugabanci hukumar ƙidayar Amurka daga 2009 zuwa 2012, ya komo jami'a. Aikin ma bai ƙare ba, ƙaruwa yake: cibiyar Pew ta ce a 1997 kashi 36 cikin ɗari na gidajen da take nema ta tarho suna amsawa, a 2018 saura 6. Matsalar 1936 ta dawo da sabuwar riga.

Mu kuma ina muke a ciki? Tsangayoyin ilimi na jami'o'inmu suna koyar da gwaji da awo, Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ibadan ta daɗe tana yaye masana tantancewa, WAEC na nan tun 1952, JAMB tun 1978. Manyan bincike kuma suna shigowa gidajenmu da Hausa: binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa ana fassara takardunsa zuwa Hausa da Yarbanci da Ibo, Afrobarometer ma, mai binciken ra'ayin jama'ar ƙasashen Afirka, wadda ta fara a 1999, da harsunan gida take tambaya. A Kano masu gashin ƙashi sun fassara ma'aunin ciwon baya na Oswestry zuwa Hausa suka gwada shi a kan marasa lafiya, kuma irin aikin da ake buƙata ke nan. Sai dai abin da ke gabanmu ya fi wanda aka yi yawa nesa ba kusa ba, don tambaya in ta shigo Hausa ta zama wata tambayar.

Ka bi mai tambaya zuwa zaure. Ya gaida dattijo, an shimfiɗa masa tabarma, an kawo ruwa. "Baba, shekarunka nawa?" "To, yaro, zan kai sittin." Ba 58 ba, ba 63 ba. Masana yawan jama'a sun san wannan cunkoso a kan lambobi masu ƙarewa da sifili da biyar, har akwai ma'aunin Whipple da ke auna tsananinsa. Gogaggen mai tambaya sai ya bi ta bayan gida: "Baba, lokacin da aka canza kuɗi aka koma naira, ka yi aure? Da aka kashe Murtala fa, wa aka haifa maka?" Da 1973 da 1976 a hannu, an kusa gaskiya. Ya shiga ciki da izini, ko a tura mace 'yar uwar aikinsa. "Inna, kina aiki?" "A'a, ɗiyata, ina zaune a gida." A bayanta kuwa ga kaskon ƙuli-ƙuli, ga yarinya ta dawo da kuɗin talla. A kunnenta aiki shi ne na albashi. Da an ce "sana'a" da amsar ta canza. "'Ya'yanki nawa?" Wata za ta yi shiru a kan ɗan fari don kunya, wata ba ta son ƙirga 'ya'ya, wata ba za ta ambaci wanda ya rasu ba sai an bi ta a hankali. "Mutum nawa ne a gidan nan?" Gida ne mai ƙofa ɗaya da tukunya huɗu.

Waɗannan ma abubuwa ne da ake iya ƙirgawa. Ka zo kan na zuci. Mara lafiya yana kwance ba ya iya juyawa, ka ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Ka tambayi magidanci ko ya gamsu da rayuwarsa, ya ce alhamdu lillahi, kuma har zuciyarsa yake nufi, amma godiya ga Allah ya ba ka, kai kuwa ka rubuta maki biyar. Ma'aunin ciwon damuwa da asibitoci suka fi amfani da shi, mai tambaya tara da aka fitar a 2001, yana tambaya ko mutum na jin ba shi da sauran fata. Ka fassara shi da "yanke ƙauna" ka kai wa wanda aka raina a kan cewa yanke ƙauna daga rahamar Allah zunubi ne, ka ga ko zai amsa, komai nauyin da ke ƙirjinsa. Su kuma amsoshi biyar na Likert, in saurayi mai takarda ya karanta wa dattijuwa magana ya ce ta yarda ko ba ta yarda ba, kara za ta sa ta ce haka ne. Shi ya sa Afrobarometer kan ajiye magana biyu masu karo da juna ta ce a zaɓi guda, don kada ladabi ya zama ra'ayi. A ƙarshen hirar ma sukan tambayi mutum wa yake zaton ya turo su, kuma da yawa kan ce gwamnati. Wanda ke zaton gwamnati ce zaune a tabarmarsa, ka san yadda zai auna maganarsa.

Tsohuwar dabarar fassara, wadda Richard Brislin ya yaɗa a 1970, ita ce wani ya mai da takarda Hausa, wani ya mai da ita Turanci, a gwada. Tana kama kuskuren kalma, ba ta kama na ma'ana: "yanke ƙauna" za ta koma Turanci lafiya lau. Janet Harkness ta tsara wa babban binciken zamantakewa na Turai hanyar da ta fi: mafassara biyu, zaman tattaunawa da masanin fanni da masanin awo, mai yanke hukunci, gwaji a fili, a kuma rubuta dalilin kowane zaɓi. Gary King na Harvard da abokansa sun ƙara wata dabara a 2004. Da aka tambayi mutanen Sin da na Meziko yawan ta-cewar da suke da ita a gwamnati, na Sin suka fi cewa suna da ita. Da aka ba kowa gajerun labaran wasu mutane aka ce ya auna su da ma'aunin da ya auna kansa, sai lissafi ya juye, don "da yawa" na wannan ba shi ne "da yawa" na wancan ba.

Duk wannan aiki ne da sai mai jin harshen tun daga nono zai yi shi da kyau, in ya haɗa da lissafi. A jami'o'inmu kuwa masanin Hausa na wannan gini, masanin ƙididdiga na wancan, mai gwaji da awo na can ƙarshen harabar, kowa na gaida kowa a masallaci. Da ɗalibi zai zo mini yau yana neman abin da zai yi digiri na uku a kai, da na mai da shi wurin Thurstone. Ya tara kalmomin da muke auna abu da su: sam, ba sosai ba, da dama-dama, ba laifi, da sauƙi, ba yabo ba fallasa, da kyau, madalla, ƙwarai da gaske. Ya rubuta kowace a kati, ya karanta wa wanda bai iya karatu ba. Ya sami alƙalansa ɗari uku a Kano, wasu a Sakkwato, wasu a Damagaram, wasu a zangon Kumasi, maza da mata, tsofaffi da matasa, kowa ya jera su daga ƙasa zuwa sama. Daga nan ya fitar mana da tazarar da ke tsakanin "ba laifi" da "da kyau", ya nuna ko "da dama-dama" ta Bakano ita ce ta Basakkwace, ko kuma a bakin mace tana sama da inda take a bakin namiji.